Laraba, Buba, da Maganar da Na Kasa Faɗa

Na ce wa 'yata Rabi ta ajiye wayarta ta ɗauko biro, domin abin da zan faɗa ba na son ya tsaya a baki. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni, amma ina gane lokacin da ake ba da labari a karkace. Shekaru ke nan ina jin ku, in an taru a tsakar gida ranar Sallah, kuna cewa Buba makiyayi ne ya yi sakaci har muka kusa rasa Laraba. Ina jin ku, ina shiru. Yau zan gyara, ko da yake har yanzu akwai wuraren da ni kaina ban gane ba a cikin al'amarin, kuma ba zan yi kamar na gane ba.

Ƙananan cikinku ba su san Laraba ba. Saniya ce, ja, mai tozo, an haife ta ranar Laraba. Kakarta ita ce karsanar da mahaifina ya ba ni lokacin aurena, aka sako ta a jirgin ƙasa daga Ngaoundéré har Douala. A New Bell ba wurin ɗaure akuya ma balle saniya, kun san lungunmu, in ruwa ya sauko sai an ɗage zane ake wucewa. Saboda haka mahaifinku ya nemi ɗan fili can bayan masana'antun Bassa, ya kafa rumfa da turaka, ya ɗauko Buba ya zauna a wurin. Kullum da safe in hau bensikin, wato acaɓa, in je, in tsaya a kan tatsa, in dawo da madara in kafa kindirmo, matan unguwa su zo su saya. Da Malam ya rasu shanu huɗu ya bari. Uku sayayyu ne. Laraba kaɗai ce ta rage daga jinin gidanmu. Kuma a makon da na fita takaba na kafa doka, na faɗa wa Buba a gaban kowa: duk abin da ya shafi shanun nan ta kunnena zai fara bi, kada in ji ya kai wa wani ɗa nawa magana a bayana. Na yi haka ne don kada yara su raina ni su sayar da abin da ba su san zafinsa ba. Ku riƙe wannan dokar a ranku, za mu dawo kanta.

Laraba ta haihu sau biyu, duk maza, aka sayar. Daga nan sai ta tsaya. Mun saba mu ari bijimi wurin masu kawo shanun yanka daga arewa, ya kwana biyu ya koma. Aka aro, ta ɗauka, ta yi ɓari. Aka sake arowa, ba komai. Shekara biyu tana cin ciyawa da dusa, nono ya ƙafe, ba maraƙi. Sai babban wanku ya shigo maganar. Kun san ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, haka na taso na ga ana yi, kuma ba zan fara yanzu don ana rubutu ba. Rabi, rubuta na Bonanjo, kowa ya san wanda nake nufi, tun da a can ofishinsa yake. Tun yana goye ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta yaye shi, ita yake kira Inna, ni kuwa Hajiya. Maganarmu da shi ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. Ran nan ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, yana kallon takalminsa, ina kallon bango.

“Hajiya, saniyar nan ta zama juya. Ci kawai take yi. Akwai wata likitar dabbobi, zan kawo ta ta duba. In an gwada ba ta ɗauka ba zuwa ƙarshen damina, mahauci zai zo.”

Na ce, “Ka riga ka yi magana da mahaucin ke nan.”

“Ban yanke ba tukuna. Amma na yi magana.”

Likitar da ya kawo mace ce, 'yar unguwar Deïdo, da gajeren gashi da dogayen takalman roba. Faransanci take yi, shi yana juya mini. Ta zura safar roba har kafaɗa, ta sa hannu a bayan Laraba, a gabana, a gaban Buba, a gaban ɗana. Na juya ina duban masana'anta kamar ban taɓa ganin hayaƙi ba. Da ta gama ta ce saniyar ba juya ba ce. Ciwo ne ya zauna mata a mahaifa tun ɓarin nan, kuma mai yiwuwa daga bijiman aro ta samo shi, don ba wanda ya san shanun da suka bi kafin su zo mana. Ta ce ta rame fiye da kima, a ƙara mata dusa, a ajiye mata gishirin lasa, a daina barin ta cikin laka. Ta wanke mata ciki, ta yi mata allurai. Duk wannan na gane, kuma na yarda, don ni ma na ga ƙashin kwankwasonta ya fito. Abin da ya biyo baya ne ya ɗaure mini kai.

Ta ce ba za a sake kawo bijimi ba. Ta buɗe bayan motar ɗana ta nuna mini wata tukunyar ƙarfe, tana buɗewa hayaƙi mai sanyi ya taso. Ta zaro wani siririn tsinke kamar na shan lemo, ta ce bijimin yana ciki.

Na ce wa Buba, “Me ta ce?”

Ya ce, “Wai sa ne a cikin kara, Hajiya.”

“Ina kansa, ina ƙafafunsa?”

“Sai dai ki tambaye ta. Ni tun da nake kiwo ban taɓa ganin san da ba ya cin ciyawa ba. In gaskiya ne, wannan ya fi ni sauƙin riƙo.”

Na Bonanjo ya yi bayani da rabin baki, wai irin wani bijimi ne na ƙasar Turawa da 'ya'yansa mata ke cika bokiti da madara, an daskarar da shi, bijimin ma wataƙila ya daɗe da mutuwa. Matacce ya haihu? Na kwana uku ina juya wannan. Har na aika matar liman ta tambayar mini mijinta ko ya halatta, ya ce dabba ba ta da nasaba balle gado, ba laifi. Na karɓa don malami ne ya faɗa, amma zuciyata ba ta zauna ba.

Sai likitar ta zo kan aikin da ya rataya a wuyanmu. Ta ce bijimi shi yake sanin lokacin saniya da kansa. Tun da an cire shi, dole mutum ya zama idonsa. Saniya tana neman barbara ne sau ɗaya duk bayan Juma'a uku, kuma abin ba ya cika yini da kwana. Za ta yi ta kuka, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, wani farin ruwa mai yauƙi ya zubo mata, in 'yar'uwarta ta hau ta sai ta tsaya cak. Ta shafa mata jan alli a gindin wutsiya, ta ce in allin ya goge an hau ta ke nan. In an gani da safe, kafin magariba a yi aikin. In an wuce, sai wata Juma'a ukun. Ita ba ta da mota, kuma tukunyar ba ta hawa bensikin, don haka na Bonanjo ne zai baro ofis ya ɗauko ta. Ya karɓi wayata ya gyara, ya nuna mini madanni ɗaya.

“Nan kawai za ki danna, Hajiya. Buba ya gani ya gaya miki, ke ki gaya mini. C'est tout. Shi ke nan.”

Shi ke nan, in ji shi. Yaron da ya yi karatunsa duka da Faransanci, bai ga komai a ciki ba. Ni ma a lokacin ban gani ba, na ce to.

Bayan wata biyu Laraba ta murmure, gashinta ya kwanta. Wata safiyar Talata ina sauka daga bensikin na ji kukanta tun daga bakin hanya. Ba sai an gaya mini ba. Ni da na aurar da 'ya'ya mata huɗu, ba abin da ke wuce idona. Allin ya goge sarai. Buba ya matso, ya rage murya.

“Hajiya, ta tashi fa. A kira Alhaji.”

Na ce na ji. Na ɗauki madarata na dawo gida, na zauna a bakin gado da waya a hannu. Sai a nan abin ya bayyana mini. Zan danna, ɗan da na haifa na fari, wanda ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, zai ɗauka, ni kuma in buɗe baki in ce masa mace tana neman namiji. Saniya ce, na sani. Amma kalmomin ɗaya ne, kuma daga bakina za su fito su shiga kunnensa. Rabi ta tsayar da biro yanzu tana tambaya ta, wai me ya hana in ce masa kawai ya kawo likita. Ke ma ba ki gane ba. In na ce ya kawo likita, ai ya san abin da na tsaya na kalla a bayan saniyar, ya san na san ya sani. Wai kuma me ya hana in gaya miki ke. Kina Garoua a lokacin da jariri, in kira ki daga can ki kira wanki a nan kan wannan magana? Ban sani ba. Wataƙila da hakan na yi. Lokacin kaina bai kawo ba.

Abin da na yi shi ne na jira Juma'a, ranar da matarsa Zainabu take zuwa gaishe ni. Da za ta tafi na ce mata a bakin zaure, ki ce wa maigidanki abin da likita ta ce a duba, an duba. Suka zo ranar Asabar da tukunyarsu. Likitar ta sa hannu, ta girgiza kai, ta ce ya wuce da kwanaki. Na Bonanjo ya dubi Buba. Buba ya dubi ƙasa.

Juma'a uku suka cika, Laraba ta sake tashi, daidai yadda matar nan ta faɗa, har abin ya ba ni tsoro. Wannan karon na yi niyya tun a hanya. A can wurin shanun na koma bayan rumfa na danna.

“Allô, Hajiya? Lafiya?”

“Lafiya lau. Ya yaran?”

“Suna lafiya. Akwai wani abu ne?”

Laraba tana kuka a bayana, na tabbata yana jin ta. Na yi ta addu'a a raina ya tambaya da kansa, ya ce saniyar ce? In ce e. Bai tambaya ba. Ina jin ana yi masa magana da Faransanci a gefe.

Na ce, “Ƙaramar ta daina tarin?”

“Ta daina. Hajiya, ina cikin taro, zan kira anjima.”

Na fito, Buba ya ce, “An kira?” Na ce an kira. Ban yi ƙarya ba, amma ƙarya ce. Mutumin nan ya ware Laraba, ya wanke ta, ya share wurin da mota za ta tsaya, ya zauna a kan kututture yana duban hanya har rana ta faɗi. Washegari na koma. Ya miƙo mini bokitin madara, ya ce Allah ya kai mu wata. A fuskarsa na ga ya gane. Bafulatani ne, su ma sun san wannan kunyar, sun ma fi mu.

Karo na uku ban ko taɓa wayar ba. Na gani, Buba ya ga na gani, muka yi maganar tsadar dusa. A ƙarshen makon na Bonanjo ya zo da kalandar da likita ta ba shi, duk ya zagaye ranaku da jan biro. Ya tsaya a gaban rumfa, ina zaune a kan kujerata ba nisa.

“Malam Buba, likita ta ce ba yadda za a yi saniya mai lafiya ta yi wata biyu ba ta nuna alama ba. Ko dai ba ka dubawa, ko kuma ba ka son aikin nan na zamani, kana so a koma aron bijimi. Wanne ne?”

Buba ya girme shi da shekara ashirin. Dokata ce ta hana shi zuwa wurinsa tun farko, kuma kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Ya ɗan juyo wajena, bai kai ga kallona ba, ya mayar da kai.

“Laifina ne, Alhaji. Ido ya tsufa.”

Ina zaune. Bakina yana nan, harshena yana nan. Na gyara mayafina. In na ce ba laifinsa ba ne, sai an tambaye ni to na wane ne, sai in faɗi abin da na kasa faɗa, a gaban su biyun. Ba a kore shi ba, kada ku ce wanku ya kore shi. Da wata ya ƙare shi ya ce zai koma gida wajen Banyo ya huta. Ranar tafiyarsa ya shafa wuyan Laraba ya daɗe, sannan ya ce mini, yana kallon saniyar:

“Ranar Talata ta sama ne lokacinta, Hajiya. Da sassafe take farawa. Ba ta da laifi, ita.”

Wanda aka kawo a madadinsa mutumin kirki ne, amma ɗan gari ne, yankan ciyawa ya iya, bai san gaban saniya daga bayanta ba. Damina tana ja da baya. Na ga mahaucin da idona ya zo ya zagaya Laraba yana taɓa cinyarta, wai wucewa yake yi ya leƙo gaisuwa. Sai na koma zuwa sau biyu a yini, safe da la'asar, in ajiye kujera a bayan saniya in zauna, tsohuwa da carbi tana gadin jan alli. Matan unguwa suna tambaya ko na buɗe shago ne a Bassa. A zaunen nan na yi ta tunani, ban kai ƙarshensa ba. Kunyar da uwata ta koya mini ita ce mutuncina, da ita na riƙe gidan nan ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. To ga ta ta sa na bar bawan Allah ya ɗauki laifina ya tafi da shi. Abu ɗaya ne ya yi duka biyun? Da bijimi ne, da ba ruwan kowa, shi da ita su gama a bayan rumfa, ba mai buɗe baki. Su da suka sa sa a cikin kara, sun san wa zai yi magana a madadinsa?

Ranar Talata, kamar yadda Buba ya ce, na iso na tarar tana zagaya turke, allin ya goge, wata farar saniya cikin sayayyun tana hawanta ta tsaya cak. Ban koma bayan rumfa ba, don na san in na ɓuya zan sake tambayar tari. Na tsaya a gabanta, na dafa tozonta da hannu ɗaya, na danna da ɗayan. Yana ɗauka ban bari ya yi gaisuwa ba.

“Saniyar tana neman namiji. Tun asuba. Ka kawo matar nan kafin magariba.”

Shiru. Na ji numfashinsa. Ina jin fuskata kamar an watsa mini ruwan zafi.

“To, Hajiya,” ya ce, da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin sa da ita ba. “Muna zuwa.”

Da la'asar suka zo. Aikin bai kai daɗewar alwala ba. Na ce, shi ke nan? Likitar ta yi dariya, ta ce shi ke nan, Mama. Ni da shi ba mu haɗa ido ba ranar, kuma daga ranar har yau ba wanda ya tayar da maganar a cikinmu. Ban sani ba ko a cikin shirun nan na waya ya lissafa sauran Juma'o'in ya gane. In ya gane bai faɗa ba. Ɗana ne.

Juma'a uku suka wuce, Laraba ba ta yi kuka ba. Bayan wata biyu likitar ta sa hannu ta ce akwai. Mahauci bai sake leƙowa gaisuwa ba. Ta yi wata tara da 'yan kwanaki kamar mutum, ta haifi mace, baƙa da fari, ba tozo ko kaɗan, ba ta kama da uwarta ba balle kakarta ta jirgin ƙasa. Na daɗe ina kallon ta ina cewa wannan jinin gidanmu ne ko na mataccen Bature? Har yau ban yanke ba. Amma ta lashi hannuna kamar yadda uwarta take yi, kuma shanu biyar ɗin da kuke shan nononsu yanzu duk daga gare ta suka fito.

Na aika saƙo Banyo sau biyu ta hannun masu kawo shanu, a ce wa Buba ta haihu. Na farko ya ce bai same shi ba. Na biyu ya ce an ce ya ƙara gaba da 'ya'yansa. Saƙon ma da na bayar rabi ne, haihuwar kawai na ce a faɗa masa.

Saboda haka ku ji. Idon Buba bai tsufa ba, sau uku yana gani, sau biyu yana gaya mini, na ukun ya raga mini. Kada in sake jin sunansa a bakinku da sakaci. Karsanar nan mai farin goshi, jikanyar Laraba, ba ta cikin abin da za ku raba in na mutu. Ta Buba ce, ko ta 'ya'yansa, ku neme su har ku same su. Wanda zai kai ta kuwa na Bonanjo ne, da kansa, tun da shi ya tsaya a gaban rumfa ya yi tambayar. Rabi, in kin gama ki kai masa takardar ya karanta a gidansa. Kada ki ba shi a gabana.